Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa da Rayuwar Gari: Abin Lura ga Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi



Gabatarwa

Na san akwai wanda zai yi mamaki a ce malamin Hausa ya zo Dutsin-Ma zai yi lacca a kan tashar jirgin ƙasa, alhali kuwa tun da aka kafa garin nan, da maƙwabcinsa Kurfi, ba a taɓa jin kukan jirgi a cikinsu ba. To, wannan rashin shi ne dalilin laccar. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Jihar Katsina ta arewa. Watau ke nan, karo na biyu cikin kimanin shekara ɗari an shata hanyar jirgi a ƙasar Katsina, kuma karo na biyu ta kauce wa tsakiyar ƙasar. Tun da yake haka ne, ya kamata mu san abin da ƙaramar tasha take yi wa gari, da abin da yake raya ta, da abin da yake kashe ta. Zan ɗauki misalai biyu. Na farko Funtuwa, wadda ita ce tashar da ta yi suna a ƙasar Katsina. Na biyu wasu ƙananan tashoshi na ƙasar Japan. Amma da yake harshe ne sana'ata, da kalmar zan fara.

Daga Zango zuwa Tasha

Kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da wurin da matafiya suke sauka, shi ne zango. A zango ayari yake yada kaya, madugu ya ba da umurnin kwana, a shayar da jakuna da takarkarai, mutanen gari su kawo fura da tuwo da ciyawa su sayar. Fataken da suke zuwa Gwanja sayo goro sun san zangon da za su kwana kowace rana. Garin da Allah ya sa zango ya faɗo a gefensa kuwa, ya sami kasuwa ba tare da ya nema ba.

Kalmar tasha aro ce daga Turanci, kuma tare da jirgin ƙasa ta shigo Hausa. Haka ma reluwe da tikiti. Amma shi kansa jirgin ba a aro masa suna ba. Bahaushe ya san jirgi tun da daɗewa, watau na ruwa, sai ya ƙara masa ƙasa, kamar yadda daga baya ya ƙara masa sama. Ya kuma yi masa laƙabi da dogo, daga nan muka sami layin dogo. Sa'an nan kalmar tasha ta yi ta yaɗo: tashar mota, tashar jiragen ruwa, tashar rediyo, har da ƙauyuka masu yawa na bakin hanya waɗanda sunansu ya fara da Tashar Wane. Daga ƙarshe aka sami ɗan tasha, wanda ba yabo ba ne a bakin Bahaushe. Wannan kalma ta ƙarshe tana nuna mana yadda mutanenmu suka ɗauki tasha: wurin baƙi da 'yan ci-rani, inda idon iyaye da na masu unguwa ba ya kaiwa. Zango na gari ne, tasha kuwa ta Nasara ce. Ina roƙo a riƙe wannan bambanci, domin a kansa sauran bayanina zai tsaya.

Yadda Jirgi Ya Zo, da Inda Ya Nufa

Layin dogo daga Ikko ya isa Badun a 1901. A Arewa kuwa, an fara gina layi daga Baro, a bakin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, layin ya isa Kano a 1911. Abin da Turawa suka sa rai jirgin zai kwasa shi ne auduga, saboda masaƙun ƙasar Ingila, har sun kafa kamfanin bunƙasa noman auduga, BCGA, a Mancasta tun 1902. Sai manoman Kano suka ga gyada ta fi riba, suka dukufa a kanta tun daga 1912, abin da ya kai ga dalar gyada da aka san Kano da ita, ya kuma ɗaukaka attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Da auduga ta ƙi samuwa yadda ake so a Kano, sai hankali ya koma kudancin Katsina da ƙasar Zamfara, inda ƙasa take da laka, ruwan sama kuma ya fi yawa. Saboda haka aka ja reshe daga Zariya a 1927, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. A 1930 wani reshen ya isa Nguru daga Kano. Daga nan tattalin arzikin duniya ya karye, aka daina shimfiɗa sababbin dogayen layuka, sai a 1958 da aka fara na Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964.

In mutum ya dubi taswira zai ga cewa kowane reshe ya nufi inda amfanin gona ko ma'adini yake ne, ya juya da shi zuwa bakin teku. Birnin Katsina, duk da tarihinsa, da kwalejin da aka buɗe a cikinsa a farkon shekarun 1920, da kusancin Sarki Muhammadu Dikko da Turawa, bai sami jirgi ba. Ƙasar Yandaka da ta Maradi, watau Dutsin-Ma da Kurfi, su ma haka. Amfanin gonarsu sai dai a ɗora wa jaki da raƙumi, daga baya mota, a kai Kano ko Funtuwa. Ba yawan jama'a aka duba ba wajen shata layin, nauyin kaya aka duba.

Funtuwa: Abin da Tasha Ta Gina

Har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake kiransa, domin Maska ita ce tsohon gari mai tarihi a wannan yanki, ta kuma yi suna da saƙa da rini. Funtuwa ƙaramin wuri ce a da. Abin da ya ɗaga ta shi ne haɗuwar abubuwa uku a wuri guda: hanyar mota, gidan gurzar auduga, da tashar jirgi. Manomi ya kai audugarsa fuloti a auna a sikeli, 'yan baranda su tara, a kai gidan gurza a raba ta da gurya, a ɗaure ta dila-dila, a loda a tarago. Kusa da nan, a Daudawa, aka kafa gonar gwajin irin auduga. Har yanzu akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan kamfanin BCGA.

Tasha ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da ma'aikata, da yawansu mutanen Kudu ne a wancan zamani, saboda haka sai an yi musu gidaje, sai a sami Sabon Gari. Tana zuwa da kantunan kamfanoni, da gidan waya, da tankin ruwa, domin jirgin wancan lokaci da kwal da ruwa yake tafiya. Tana jawo 'yan dako da masu abinci da mahauta da teloli da direbobi da makaɗa. Alhaji Mamman Shata mutumin Musawa ne, amma a Funtuwa ya yi zama mai tsawo, kuma ba abin mamaki ba ne, gama mawaƙi inda jama'a da kuɗi suke yake bi. Tasha kuma ita ta fara koya wa talaka agogo. Kafin ta, lokaci na rana ne da na salla: hantsi, azahar, la'asar. Jirgi ne ya zo da ƙarfe kaza da minti kaza.

Wannan shi ne abin da Dutsin-Ma da Kurfi suka rasa. Girman Dutsin-Ma ta wata hanya ya zo: zama mazaunin hakimi, sa'an nan hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, da madatsar ruwa ta Zobe da aka gama a 1983, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Watau Funtuwa kaya ne suka gina ta, Dutsin-Ma kuwa mulki da makaranta.

Abin da Ya Kashe Tashar

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma shekarun da suka biyo baya har zuwa farkon 1960 su ne ganiyar reluwe. Daga nan abubuwa suka yi ta taruwa a kansa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raba shi da ƙwararrun ma'aikata masu yawa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyada a 1975, suka rushe dalar gyada. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta mai da hankali ga titunan mota, gingimari da tirela suka ƙwace dakon kaya. An ɗauko kamfanin RITES na ƙasar Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan gyaru, suka sake lalacewa bayan tafiyarsu. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, daga baya masaƙun Kaduna da na Kano suka yi ta rufewa, kasuwar auduga ta yi sanyi.

Duk waɗannan dalilai gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi su zurfi. Da kaya suka ƙare, ba wani abin da ya rage wanda zai riƙe tashar. Ɗan makaranta ba ya hawa jirgi kullum safe, malamin asibiti ba ya zuwa aiki da shi, mai kai tumatir kasuwa ba ya dogara da shi. Jirgin fasinja na tafiya mai nisa ne, wadda mutum yakan yi sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ko ita sai ya yi haƙuri da jira, wani lokaci na yini guda. Saboda haka da jirgi ya daina zuwa a kai a kai, mutanen gari suka koma tashar mota, ba wanda ya ga an taɓa masa wani abu nasa. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Tashar ta gwamnati ce, sai aka bar wa gwamnati zafinta.

Japan: Faɗin Layi Ɗaya, Makoma Daban

Mai tambaya zai ce, ina ruwan Funtuwa da Japan? Akwai dangantaka wadda ba kowa ya sani ba. Layin dogo na farko a Japan, tsakanin Shimbashi a birnin Tokyo da Yokohama, an buɗe shi a 1872, injiniyoyin Ingila ne suka gina shi, kuma faɗin da suka zaɓa shi ne ƙafa 3 da inci 6, watau milimita 1,067. Wannan shi ne ainihin faɗin tsohon layin Nijeriya. Jirginsu mai tsananin gudu, Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, shi ne yake bin faffaɗan layi na milimita 1,435, amma akasarin jiragen da suke shiga ƙananan garuruwa har yanzu a kan siririn layi irin namu suke tafiya. Wannan ya isa ya nuna cewa ba ƙanƙantar layi ce ta kashe reluwenmu ba, kamar yadda akan faɗa.

Ƙaramar tasha a Japan ba ta da wani ƙawa. Dandamali ne, da rumfar jira, da allon jadawali, da wurin ajiye kekuna. Kusan rabin tashoshin ƙasar ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Jirgin da yake tsayawa a irinsu tarago ɗaya ne ko biyu, sau da yawa direba ne kaɗai a cikinsa, shi yake karɓar kuɗi. Manyan fasinjojinsa 'yan sakandare ne masu tikitin wata mai rangwame, da tsofaffi masu zuwa asibiti, da ma'aikata. Abin da ya riƙe su duka shi ne, in jadawali ya ce ƙarfe 7 da minti 12, to haka ɗin ne.

Kada a zaci ba su da matsala. Hukumar jiragen ƙasa ta Japan bashi ya yi mata katutu, har aka wargaza ta a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka raba ta kamfanoni shida na fasinja da ɗaya na kaya. Ƙauyukansu kuma suna ta zama kango, saboda haihuwa ta ragu, matasa sun koma birane. Ga misalai biyu na yadda abin yake ƙarewa.

Na farko, tashar Kishi a birnin Kinokawa na lardin Wakayama. Ita ce ƙarshen wani ɗan layi mai tsawon kilomita 14 da 'yan kai. Kamfanin Nankai, mai layin, ya yi shirin rufe shi saboda asara. Mutanen yankin suka kafa ƙungiya, suka yi ta fafutuka, hukumomin yankin suka sa hannu da kuɗi, har wani sabon kamfani ya karɓi layin a 2006. Don rage kashe kuɗi aka janye ma'aikata daga tashoshin. A watan Janairu na 2007 kamfanin ya naɗa wata kyanwa mai suna Tama, wadda take zaune a gefen tashar Kishi, a matsayin shugabar tasha, har da 'yar hularta. Abin ya zama labari, masu yawon buɗe ido suka yi ta zuwa, a 2010 aka sake gina tashar da siffar fuskar kyanwa. Tama ta mutu a 2015, aka naɗa mata magajiya. Na ga kuna dariya, kuma abin dariya ne. Amma a lura da jerin abubuwan: mutanen gari ne suka fara tsayawa, kyanwa daga baya ta zo.

Na biyu, tashar Kyu-Shirataki a tsibirin Hokkaido, can arewa inda ƙanƙara take rufe ƙasa. A 2016 labari ya bazu a duniya cewa an bar tashar a buɗe ne saboda ɗaliba guda ɗaya da take hawa jirgi zuwa makaranta. An ƙara wa labarin gishiri, amma gaskiya ne ɗalibar tana amfani da tashar, gaskiya ne kuma an rufe ta a watan Maris na 2016, watan da ɗalibar ta gama sakandare. A ƙarshen wannan shekara kamfanin jiragen Hokkaido ya bayyana cewa kusan rabin layukansa ba zai iya ci gaba da riƙe su shi kaɗai ba. Ashe ko a Japan, in masu hawa kullum suka ƙare, tasha takan mutu.

Idan aka haɗa misalan nan da na Funtuwa, doka ɗaya ce take fitowa. Ƙaramar tasha tana rayuwa ne gwargwadon yadda ta shiga cikin harkar yau da kullum ta mutanen garin, har su ɗauke ta tasu, kamar yadda kakanninmu suka ɗauki zango.

Sabon Layi da Rabon Dutsin-Ma da Kurfi

Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, kuma faffaɗan layi ne irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. An tsara zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Babbar manufarsa ita ce dakon kaya tsakanin Jamhuriyar Nijar da bakin teku. A kudu kuma an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024. Kun ga dai har yanzu kaya ne a gaba. Ba laifi ba ne, domin kaya su suke biyan kuɗin layi. Hatsarin shi ne a maimaita abin da ya faru a 1929.

Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne, Kurfi kuwa tana kan hanya, ta fi kusa. Wannan ya fi sauƙi ƙwarai a kan nisan Funtuwa, wanda ya haura kilomita 100. Saboda haka tashar Katsina ita ce za ta zama tasharmu, in mun so. Ga abubuwa huɗu da nake ganin ya kamata ma'aikatan da suke zaune a nan su sa a gaba.

Na ɗaya, hanya da mota. Tashar da ba a iya kaiwa gare ta cikin sauƙi daidai take da babu. A tsara motocin haya daga Dutsin-Ma ta Kurfi waɗanda lokacin tashinsu ya dace da na jirgi, su sauke fasinja a bakin tashar, ba a wata tashar mota can cikin gari ba.

Na biyu, jadawali. A nemi jirgin safe da na yamma mai tsayawa a ƙananan tashoshi, ban da na tafiya mai nisa. A kuma nemi tikiti mai rangwame ga ɗalibai. Garin da yake da jami'a da kwalejin ilimi yana da irin fasinjojin da suke riƙe da tashoshin Japan, masu zuwa daga Kano da Daura da Kazaure a farkon kowane zangon karatu da ƙarshensa.

Na uku, kayan ƙaramin manomi. Ruwan Zobe yana iya ba da tumatir da albasa da alkama da kifi, ga kuma dabbobin kasuwanni irin ta Charanchi. Manomi ɗaya ba zai cika tarago ba, amma ƙungiyar manoma za ta cika. Sai an tanadi rumbun ajiya da wurin lodi tun ana gini, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, tsaro. Ba wanda ya manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, mu kuma a wannan yanki ba sai an ba mu labarin 'yan bindiga ba. Jami'an tsaro suna da nasu aikin, amma layin da ya ratsa daji ba abin da yake tsare shi kamar idon mutanen ƙauyukan da suke gefensa, su kuwa ba za su sa ido ga abin da yake wuce su da gudu bai tsaya ba.

Kammalawa

Wataƙila wata rana a ja reshe daga Katsina ya bi ta Kurfi da Dutsin-Ma da Ƙanƙara ya haɗu da Funtuwa, ya ɗinke jihar daga arewa zuwa kudu. Neman haka halal ne, kuma wakilanmu su ne masu wannan magana. Amma hujjar da za ta sa a saurare su ita ce a nuna adadin mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da suke hawa jirgi a Katsina kowane mako, da nauyin kayan da suke lodawa. Wannan ƙidaya aikin jami'a ne, ina kuma kira ga ɗaliban da suke neman abin da za su yi bincike a kansa su fara da ita. Ɗaliban Hausa da na tarihi kuwa, akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako da 'yan baranda a Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda waɗanda suka ga ganiyar tasha da idonsu. Kullum raguwa suke yi. A je a ɗauki maganarsu da kalmomin sana'arsu tun suna raye.